Kwaɗon Lokar Nomau

Ku da kuke zuwa bakin rumfata kuna tsayuwa bisa kaina, kuna cewa wai saita kwaɗon lamba ba aiki ba ne, ko a waya mutum ya duba minti biyu ya iya, ku ja benci ku zauna. Ni ma na taɓa faɗin haka da bakin nan nawa, kuma da furfurata lokacin. Shekara talatin da wani abu ina sana'ar makulli a Sakkwato, tun daga Ƙofar Kware inda na koya har nan Gawon Nama, kuma aikin da ya fi kowane sauƙi a hannuna shi ne ya yi ɓarnar da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Aikin farko da anka bar ni na taɓa, akwatin ƙarfe ne na wata tsohuwa da mabuɗinta ya faɗa rijiya. Kafin ranar nan shekara biyu na yi hannun maigidana, Baba Ummaru, ba abin da nake yi sai gugar mabuɗi da magagari har yatsuna sunka yi kanta. Ya miƙo mini lanƙwasasshiyar waya ya ce in gwada. Na durƙusa, na zura, ina lalube kamar mai neman ƙaya a ƙafa, can sai na ji ƙas, kwaɗo ya saki. Don murna na ɗaga murfin na leƙa ciki. Wallahi ban san lokacin da ranƙwashi ya sauka tsakiyar kaina ba. Ya ce, "Idonka mi ya kai shi ciki? Buɗewa anka kira ka, ba kallo ba. In kwaɗo ya saki, ka juya baya ka bar mai kaya da kayanshi. Gobe in allura ta ɓace, wa za a ce ya gani?" Tun daga ranar juya baya ya zame mini jiki, ko akwatin matata na buɗe sai in ga na kau da kai.

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su da yawa. Magagari uku, babba da matsakaici da siriri, filaya, ƙaramar guduma, da wayoyin da na ciro daga ƙafar keke na lanƙwasa da kaina. Injin yanka mabuɗin nan daga baya ya zo, kuma in babu wuta ado ne kawai, sai in koma ga magagari. Masu zuwa kuwa iri-iri ne. Akwai alhajin da zai rufe mota da mabuɗi a ciki ya zo yana yi mini tsawa sai ka ce ni na rufe. Akwai mai shagon da yake jefar da nashi duk wata. Akwai kuma wanda zai zo yana waige-waige, ya ciro guntun sabulu da shatin mabuɗi a jiki ya ce in yanka mishi. Wannan ko zama ba na barinshi ya yi, nakan ce ya tashi ya ba ni wuri kafin in tara mishi jama'a.

Sai shekarar da kasuwa ta mutu mana. Kwaɗuna masu arha sunka cika gari, in ya lalace ba mai kawo gyara, jefarwa ake yi a sayi wani. Sai in wuni nan ina korar ƙuda. Ana cikin haka kuma kwaɗon lamba ya fara yawa, wanda ba shi da mabuɗi ko ɗaya balle a ce in yanka. Na ce shi ke nan, an zo a tashe mu. Don haushi na sayi guda ɗaya na farke shi na ga cikinshi. Kai! Zobba huɗu ne kawai masu lamba daga sifili zuwa tara, kowane da ɗan gurbi a ciki, in gurabun sunka yi layi ɗaya sai ƙarfe ya wuce. Na yi tsaki na ce wanga ai wasan yara ne.

A cikin shekarar nan ne anka aiko mota ta ɗauke ni zuwa wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Wadda ta kira ni ita ce mai kula da ma'aikata, Madam Rifkatu, Kirista ce mutuniyar Filato, ta daɗe a Sakkwato har 'ya'yanta Sakkwatanci suke yi. Mace ce mai tsare gaskiya, ba ta da wasa wurin aiki. Ta kai ni wani dogon ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya, an jera lokoki na ƙarfe guda arba'in, irin dogayen akwatunan nan da ma'aikaci yake ajiye tufafinshi da wayarshi kafin ya shiga wurin inji. Duk fenti ɗaya, tsawo ɗaya, kamar an haife su rana guda. Ta ce, "Baba Shehu, na gaji da rigimar mabuɗi. Yau wannan ya yar, gobe wancan ya bari a ƙauye. Ga kwaɗon lamba mun sayo, ka saita wa kowa nashi." Leburorin nan mafi yawansu manoma ne daga ƙauyukan fadama, suna zuwa aikin ɗaukar buhu.

To ku saurara ku ji yadda ake yi, tunda kun ce kun iya. Sabon kwaɗo daga kwali sifili huɗu yake zuwa da shi. Ka buɗe, ka juya lanƙwasasshen ƙarfen saman nan gefe har ɗan haƙorinshi ya daidaita da tsagar da ke jiki, ka danna shi ƙasa ka riƙe. Yana danne za ka murza zobban zuwa lambar da kake so, sannan ka sake shi ka mayar. Kada ka kuskura ka rataya shi ga ƙofa sai ka rufe ka buɗe sau uku a hannunka, don in zobe ɗaya ya goce rabi lokacin da kake saki, ka sa lambar da kai ma ba ka sani ba. Iyakar aikin hannu ke nan. Sauran aikin, wace lamba za a sa, nan ne na yi taƙama da wayona.

Na san halin mutanenmu. In ka ce kowa ya zaɓi lamba daga kanshi, bayan kwana uku rabinsu sun manta, kullum ana kirana in zo in fasa. Sai na tara su na ce, "Kowa ya ciro katinshi na ɗan ƙasa. Kun ga inda anka rubuta ranar haihuwa? Kada ku sa shekara, don sa'o'in juna suna da yawa cikinku. Ku sa rana da wata, lamba biyu na rana, biyu na wata. Wanda ya manta ya duba katinshi, ba sai an neme ni ba." Madam ta ce wannan dabara ta yi. Ni kuwa har wani daɗi nake ji. Sunka yi layi, kowa ya zo in danna mishi ƙarfen in ba shi ya riƙe, in juya baya in fuskanci bango har ya gama murzawa, ya ce ya gama, in ce ya gwada sau uku. Mutum arba'in, sau arba'in na juya baya. Ban ga lambar ko mutum ɗaya ba, kuma na fito ina gaya wa Madam haka da alfahari.

Bayan kamar sati uku, da la'asar sakaliya, motar kamfanin ta sake tsayawa nan. Na tarar da ɗakin lokoki cike da mutane, ana ta hayaniya. Direban motar ɗaukar buhu, Sani, ya ce ya sa sabuwar wayarshi cikin lokarshi da azahar, da anka tashi ya buɗe bai gan ta ba. Masu gadi sunka hana kowa fita, anka sa kowa ya buɗe tashi a gabansu. Da anka zo kan lokar da ke manne da ta Sani, mai ita ya murza lambarshi da hannunshi, ƙofa ta buɗe, sai ga waya kwance bisa rigarshi. Sunanshi Nomau, magidanci ne da bai wuce shekara arba'in ba, baƙi siriri, marar yawan magana. Na same shi tsaye jikin bango, an yage mishi wuyan riga, leɓenshi ya fashe.

Madam ta ja ni gefe ta ce, "Baba, mutumin nan shekara uku yana nan, ko ƙwayar shinkafa ba a taɓa kama shi da ita ba. Don Allah ka duba da kyau. Ko an taɓa kwaɗon? Ko wani ya ɓalle ya sa mishi?" Ƙofar tsira take nema mishi, ko makaho ya ga haka. Na karɓi kwaɗon na juya shi gaba da baya, na haska da fitila, babu ƙarzane ko ɗaya, zobba lafiya lau. Na tambayi Nomau ko ya taɓa gaya wa wani lambarshi. Ya ce, "Malam, ko matata ba ta sani ba." Madam ta ce, "To ba a iya dacewa? Wani ya murza kawai ya faɗa a kai?" Nan fa girman kai ya taso mini. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Madam, lamba dubu goma ke cikin kwaɗon ga. Ni da na saita ban san ta ba. Wallahi tallahi ba mai buɗe shi sai wanda ya san lambar, kuma ga shi da bakinshi ya ce shi kaɗai ya sani." Nomau ya dube ni ya ce, "Malam, ban ɗauka ba." Na ce, "Ni dai ƙarfe na sani, kuma ƙarfe bai ƙarya." Anka yanke cewa Nomau leƙen lambar Sani ya yi tunda maƙwabta ne. Madam ta hana a kai shi wurin 'yan sanda, amma aiki kam a ranar ya bar shi. Na hau mota na dawo na ci tuwona hankali kwance.

Wata biyu da wani abu bayan nan, damina ta yi nisa, anka sake kirana. Leburori uku sun koma gona ba su dawo ba, sun bar lokokinsu a rufe, ana son a ba sababbi. Na ɗauki zarto zan yanke, sai na tuna dabarata. Na ce, "Madam, kada mu yi asarar kwaɗo. Ba kuna da hoton katinsu a fayil ba? Karanto mini ranar haihuwa." Ta ɗauko fayil ta ce, "Na farko, ɗaya ga Janairu." Na murza sifili, ɗaya, sifili, ɗaya. Ƙas, ya buɗe. Na ce kin gani ko. Ta buɗe na biyu, ta ce, "Wannan ma ɗaya ga Janairu." Na yi dariya na ce tagwaye ne halan. Ya buɗe. Ta buɗe na uku. Na ji takardu suna ta ƙara a hannunta, tana buɗe wannan tana buɗe wancan da sauri. Na waiwaya na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Baba Shehu, duk mutanen nan ɗaya ga Janairu anka haife su?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na sa hannu aljihu na ciro nawa katin na duba. Ɗaya ga Janairu. Ni kaina! Ni da uwata ta ce ana tsakar girbin gero ta haife ni. Sai a lokacin na tuna ranar da munka je yin katin, yaron da ke gaban kwamfuta ya tambaye ni ranar haihuwa, na ce wa ya rubuta, ya tambayi shekaruna kawai ya buga abinshi. Duk wanda anka haifa a gida a ƙauye ba takarda, abin da ake sa mishi ke nan, kowa ya san haka, ni ma na sani. Shekara da shekaru katin na cikin aljihuna. Ban da haka ma, mutumin da ake kira Nomau, ai sunan kanshi ya gaya maka da damina ya zo duniya, ina shi ina Janairu?

Na bi layin lokokin nan kamar mahaukaci, ina murza sifili, ɗaya, sifili, ɗaya. Wannan ya buɗe. Na gaba ya buɗe. Na gaba ya ƙi, wannan ɗan boko ne da anka haifa a asibiti. Na gaba ya buɗe. Subhanallahi! Fiye da rabin ɗakin ya tsaya hangame da lamba ɗaya. Wata uku mutanen nan suna kwana da tunanin kayansu a kulle suke, alhali da kwaɗon da babu duk ɗaya. Kuma da sau ɗaya tak na saci kallo ranar da nake saitawa, da tun kan mutum na uku na gane.

Madam ta sa anka kira Sani. Ta nuna mishi tsohuwar lokar Nomau, wadda ba wanda ya yarda ya karɓa tun ranar, kwaɗon na rataye yadda ya bar shi. Ta ce, "Sa lambarka a nan." Ya ce, "Madam, ai ba tawa ba ce." Ta ce, "Na sani, sa." Ya murza, ta buɗe. Ya dubi kwaɗon, ya dubi lokarshi da ke gefe. Can sai ya ce, "La ilaha illallahu! Ranar nan da gudu na shigo, an cika mota ana jirana, ɗakin ga duhu. Na murza ta buɗe, na jefa wayar na rufe, ko dubawa ban yi ba." Ya zame ya zauna ƙasa ya ɗora hannu biyu a kai. Da hannunshi ya sa wayar cikin lokar mutum, kuma shi ne ya fara kai mishi naushi.

A ranar na sake saita kwaɗunan duka in ban da na Sani da na bari yadda yake, ban tashi ba sai da na gama. Har gobe ina juya baya, wannan ba zan bari ba. Amma yanzu kafin in juya nakan ce ban yarda da lambar da ke jikin kowane kati ba, kuma in mutum ya gama nakan karɓa in gwada sifili, ɗaya, sifili, ɗaya a gabanshi, in ya buɗe mu sake daga farko. Ku da kuke dariya, ku ciro katunan iyayenku ku duba in kun koma gida.

Washegari da safe munka kama hanyar ƙauyen su Nomau, ni da Madam da Sani, da takardar mayar da shi aiki. Na cire kwaɗon Sani na sa a aljihu, ban san ma dalili ba. A hanya ina ta shirya maganar da zan yi, ina zaton iyaka mu tarar da mutum cikin fushi, ya zage mu, mu ba shi haƙuri. Munka yi sallama a ƙofar gida, mahaifinshi ya fito, tsoho mai sanda, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Madam ta yi mishi bayani tun daga farko. Tsohon ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, mu nan ba wanda ya yarda Nomau ya yi sata, ko mutum guda. Shi ne ya yarda." Na ce, "Baba, kamar yaya ya yarda?" Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai makullin? To cewa ya yi mai sana'a ya rantse da Allah gaban jama'a ba mai buɗewa sai shi, kuma shi ya san bai gaya ma kowa ba. Ya ce tsoho mai furfura ba ya rantsuwa bisa ƙarya. To in haka ne, hannunshi ne ya ɗauka shi bai sani ba. Malamai uku munka kai shi, rubutu ya sha har ya gaji. Ku taso ku gani."

Munka zagaya bayan gida. Yana zaune gindin wata bedi, wato icen dogon yaro, shi kaɗai, ya rame har na kusa kasa gane shi. Hannunshi na dama ɗaure yake da tsumma, an zagayo da shi an ƙulle a ƙugunshi. Na ce, "Wa ya ɗaure shi haka?" Tsohon ya ce, "Shi da kanshi. Ba ya kwancewa sai zai ci abinci ko alwala da salla. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga gidan kowa, wai kada ya ɗauki abin mutane. Gonarshi bana ƙannenshi sunka nome." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga abin da bakina ya yi.

Sani ya faɗi gabanshi yana kuka yana cewa ya yafe mishi, shi ne ya sa wayar. Madam ta miƙa takarda ta ce aikinshi na jiranshi. Nomau ya dube su kamar daga nesa ya ce, "Kuna dai son ku kwantar mini da hankali. Na gode. Amma ai an rantse." Na durƙusa gabanshi na ce, "Ni na rantse, Nomau, kuma bisa jahilci na rantse. Ka yafe mini." Ya girgiza kai, bai yarda ba. Sai na ciro kwaɗon daga aljihu na ce, "Ka san wanga?" Ya duba ya ce, "Na Sani ne, ga jan fentin da ya ɗiga mishi." Na ce, "Ka taɓa sanin lambarshi?" Ya ce, "Ban sani ba ko na sani." Na ce, "To kada ka sa tashi. Taka za ka sa, wadda ke jikin katinka."

Ya karɓa da hagu, ya ga ba ya murzuwa da hannu ɗaya. Ya daɗe yana kallon ƙullin da ke ƙugunshi. Sannan ya ajiye kwaɗon ya sa hagu ya kwance, tsumman ya faɗi, wuyan hannun duk ya yi shati fari. Yatsun sun sandare, da ƙyar yake tura zobban, ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ban juya baya ba. Sifili, ɗaya, sifili, ɗaya. Ƙas.

Ya rufe ya sake buɗewa. Ya sake rufewa ya buɗe. Ya ajiye kwaɗon a ƙasa, bai dube ni ba, bai dubi Madam ba, bai dubi Sani ba. Ya ɗaga hannun nan nashi na dama ya buɗe tafin yana kallo, hawaye na zuba, ya ce da shi a hankali, "Ashe ba kai ba ne."